Tarkon Sarkin Kore

Ƙarfe biyar da rabi na yamma kasuwar hannun jari ta Amurka ke buɗewa a agogon Dubai, kuma daidai lokacin Mu'awiya ke shigewa bayan kantar kemis ɗin da yake aiki a Al Satwa, ya ƙura wa waya ido. Ba riba yake jira ba. Mutum yake farauta.

Sunan mutumin a Telegram Sarkin Kore, don in jari ya tashi kore yake nunawa. Ba hoto, ba murya, rubutu kawai. Sana'arsa kuwa ta marasa tsoron Allah ce. Sai ya sayi hannun jarin wani ƙaramin kamfanin magani wanda bai kai kuɗin kofin shayi ba, ya cika 'yan Kanon da ke unguwar Deira da daɗin baki, su ruga su saya. Farashi na haurawa ya sayar da nasa ya zame, ya bar su riƙe da iska.

Haka ya yi wa Hadi, yayan Mu'awiya. Wai kamfanin ya gano maganin sikila. "Ga riba ga lada," in ji Sarkin Kore. To, Hadi da sikila ta ɗauke masa 'ya, ina zai ji wannan ya kau da kai? Ya zuba kuɗin kwantenar abayoyi sukutum. Sati bai zagayo ba jarin ya zama toka. A ɗakinsu na unguwar International City ya yanke jiki ya faɗi, aka mayar da shi Kano ɓarin jikinsa a shanye.

Tun daga ranar Mu'awiya ya raba rayuwarsa biyu. Rabin albashinsa yakan kai ajiya wurin Alhaji Badaru mai kago, wato jigilar kaya zuwa gida, a Al Khabaisi, kamar yadda samarin Kano da yawa ke yi, don a tara a kai Hadi asibiti a Masar. Dattijo ne da kowa ke kira Baba, shi ne ma ya biya wa Hadi kuɗin jirgi. Ɗaya rabin rayuwar kuma ya ware wa Sarkin Kore, da tsana wadda ko a sujada ba ta sakinsa.

"Khalas, ya isa haka, ɗana, bar shi da Allah," in ji Alhaji ranar da ya ga idon yaron ya kaɗa, yana kife ƙaramar wayarsa a kan tebur. "In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere."

Mu'awiya ya ce to. To ɗin fatar baki.

Ya buɗe sabon shafi da sunan Dakta Wasila, wai Bahaushiya ce mai aikin gwajin magunguna a Amurka. Aikin kemis ya koya masa karanta rahotannin da sauran mutane ke tsallakewa. Sau biyu ya jefa wa Sarkin Kore ƙaramin labari na gaskiya, sau biyu jarin ya yi kore. Shi ke nan, ɗan banza ya saki jiki, kullum sai ya rubuto yana gaida Likita da gajiya. Mu'awiya yakan karanta yana cizon leɓe, ya mayar masa da addu'a.

Sai ga abin da yake jira. Wani kamfani mai suna Kelvanta yana gwajin maganin ciwon suga, kuma can ƙasan rahotonsu, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa an dakatar da ɗaukar marasa lafiya. Duk mai ido ya san gwajin ya mutu, sanarwa kawai ta rage.

Dakta Wasila ta rubuta wa Sarkin Kore cewa an amince da maganin, ranar Alhamis za a faɗa wa duniya. Wannan karon kada ya gaya wa kowa, ya ci shi kaɗai. Sarkin Kore ya amsa cewa abin da ke hannunsa kaɗan ne.

"Wannan damar ba ta zuwa sau biyu," Mu'awiya ya rubuta. "Ka ci bashi. In ma akwai kuɗin wani a hannunka ka zuba, kwana biyu ne ka mayar." So yake ya ga bayansa gaba ɗaya, kada a bar masa ko na motar komawa gida.

Alhamis ta zo. Biyar da rabi na bugawa Kelvanta ta rikito, ja wur, kafin a kira Magariba abin da ya rage bai isa sayen biredi ba. Mu'awiya ya yi dariya har da ƙwalla, abokin aikinsa Ba'indiye ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Ya kira Kano aka kara wa Hadi waya a kunne. "Yaya, na rama maka," ya ce. "Kuma ajiya ta cika, gobe zan karɓo. Masar ta kira ka, inshallah." Hadi ya yi ƙoƙarin magana, kuka ya ci ƙarfinsa.

Washegari bayan Juma'a ya hau bas zuwa Al Khabaisi, zuciyarsa fes. Yana zaune saƙo ya shigo wa Dakta Wasila, kuma a karon farko na murya ne. Madalla! Yau zai ji kukan shege da kunnensa. Ya sa abin sauraro, ya gyara zama, ya danna.

"Likita, ki rufa mini asiri," in ji muryar Alhaji Badaru tana karkarwa, "na bi shawararki, har ajiyar wani yaro Mu'awiya na zuba, ta maganin yayansa."