Da Hannunsa Ya Fasa Dam Ɗin

"Malam, ko ka fasa shi yau, ko ya fashe a kanmu," in ji mai unguwa. "Alƙali ma ya ce shari'a ba ta yarda a cutar da maƙwabci ba."

Tsohon ya dubi dam ɗinsa. Tun da aka sallame shi daga aiki lokacin tsuke bakin aljihu, shekara bakwai ya yi a bayan garin Durun yana jido ƙasa da jakuna biyu yana gina shi. Yanzu ruwan Agusta ya cika dam ɗin maƙil, bangon ya tsage, ga gidaje a gangare. Katafilar da aka je nema a Gwarzo ba ta da mai.

Ya ɗauki diga, ya sari gefen da ke kallon gonarsa. Ruwan ya kwashe dawarsa, gidaje suka tsira.

Da bazara rijiyoyi suka ƙafe, tun da babu ruwan dam ɗin. Ya tarar da mata suna tonon yashi a tsakiyar dam ɗin.

"Baba, yaushe za ka sake tare mana ruwa?"

Ya durƙusa da ƙyar, ya taya su tono. Har la'asar ƙwarya ɗaya ba ta cika ba.