Ba Wanda Ya Tashi Rawa

Ɗalibai sun watse, malamin kiɗa Zainul'abidin yana goge saksofon ɗinsa da tsumma, sai Duha ta tsaya a ƙofar aji. Daga Aljirif ta taso har Omdurman don ta kawo masa amsar mahaifinta.

"Baba ya ce a'a."

Bai ɗago kai ba. "Ba zai ba mai busa 'yarsa ba, ko?"

"Ba busar ce ta dame shi ba, Ustaz. Ya je wasanka ranar Asabar, ya zauna can baya."

Hannunsa ya tsaya.

"Ya ce awa guda kana busa, ba wanda ya tashi rawa, ba macen da ta yi guɗa. Wani tsoho har da rufe ido. Wai da jan bulon da shi Baba yake gasawa aka yi wa haka, da tuni ya sake sana'a."

"Haka ake sauraron irin wannan kiɗa, Duha. Shirun ne yabon."

"Na gaya masa. Dariya ya yi." Ta gyara mayafinta. "Ranar Alhamis bikin ɗan ƙanensa. Ka zo ka busa."

Shekara tara ke nan da ya yi wa kansa alkawarin ya bar kiɗan biki har abada, kuma ta sani. Ya daɗe yana kallon saksofon ɗin kafin ya dube ta.

"In na busa ba wanda ya tashi fa?"

"Ni zan tashi," ta ce. "A gaban Baba, a gaban kowa."

Ya ajiye tsumman. "Wace waƙa babanki yake so?"