Ruwan Alwala da Lallen Amarya

Tun da Alhaji Salim ya gyara gidansu na gado a Mandawari, bakinsa bai huta ba. Duk baƙon da ya shigo sai ya ja shi ya nuna masa sabon banɗaki mai tayil da famfo, kai ka ce shi ya ƙera famfon. Abin da ba ya nuna wa kowa shi ne kusurwar tsakar gida, inda ɗan lambun marigayi mahaifinsa ya koma wurin jibge fasassun bokitai da tsofaffin takalma. Na'ana'a ta ɓace, ɗoɗɗoya ta bushe, bishiyar lalle ta tsaya ba ganye ko ɗaya.

Sanyi na ja da baya aka sa ranar auren 'yarsa Nusaiba. Mahaifiyarsa, Hajiya Mabruka, wadda ciwon gwiwa ya daɗe da zaunar da ita a ɗaki, ta aika a kira shi.

"Salim, a fara tsinko ganye a shanya. Tun da babanka ya dasa bishiyar nan, ba amaryar da ta bar gidan nan da lallen kasuwa."

Salim ya sosa ƙeya, ya yi 'yan kame-kame, daga ƙarshe dai ya faɗi gaskiya. Tsohuwa ta ce a kama ta a kai ta wurin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "A ina kuke alwala yanzu?"

"A banɗaki mana, Hajiya."

"To, ga abin da ya kashe ta. Babanka bai taɓa ɗebo ruwa don shuka ba. A gindinta ya ajiye dutsen alwala, kowa ya zo da butarsa ya tsuguna, ita kuma tana sha. Kai kuwa ka juya ruwan zuwa kwata."

Kunya ta rufe Salim. Washegari bai buɗe shagonsa na kasuwar Kurmi ba. Ya naɗe hannun riga, ya kwashe tarkace, ya fasa ƙasar da ta ƙame, ya roƙo takin akuya a maƙwabta. Ya kuma kafa doka: duk mai alwala a gidan nan, a lambu zai yi.

"Alhaji, famfon naka ya yi ritaya ke nan?" in ji matarsa Bahijja, tana miƙa masa buta tana dariya.

Gida ya ɗauki raha. Baƙon da a da ake nuna wa tayil, yanzu buta ake ba shi. Hajiya Mabruka ta sa aka fito mata da kujera, tana ba da umarni kamar mai gona. Ba a daɗe ba na'ana'a ta leƙo, ɗoɗɗoya ta biyo baya, shayin la'asar ya dawo da ƙamshinsa na da.

Amma lalle shiru. Da Salim ya kankare ɓawonta da wuƙa, sai ya tarar gara ta cinye cikin. Da hannunsa ya sare bishiyar da mahaifinsa ya dasa, yana yi yana share hawaye, don ya san sakacinsa ne ya jawo.

Duk da haka bai daina alwala a gindin kututturen ba. Wata safiya yana wanke ƙafa sai ya ga ɗan toho kore ya fito daga saiwa. Ya ƙwala wa Hajiya kira, har maƙwabta suka zaci gobara ce.

Ranar sa lalle, ganyen da aka samu bai cika tafin hannu ba. Hajiya Mabruka ta daka shi da kanta, ta shafa wa Nusaiba a kan yatsu, sauran aka cike da na kasuwa.

"Ɗan kaɗan ne," in ji tsohuwar, "amma na gida ne." Mata suka rangaɗa guɗa.

Jama'a, gyaran gida abu ne mai kyau. Amma kafin ka canza abin da ka tarar iyaye suna yi, ka tambayi dalilinsa. Kuma shukar da ke tsakar gidanka amana ce: ruwan da kake zubarwa kullum ya isa ya rayar da ita.