Waƙar da Ta Tashi Mai Waina daga Tasha

Kai da kake ce mini waƙa ce kawai, ba da kowa ake ba, ajiye wayar nan ka ji.

An yi wata mata mai waina a tashar mota. Tun mijinta na da rai take wurin, ya rasu ya bar ta a wurin. Hayaƙi ya ci mata ido, tanda ta ƙone mata yatsu, amma ba a taɓa jin an ce ga ta can ba. Direbobi Inna suke ce mata, 'yan kamasho in suna zage-zagensu suka hango ta sai su sassauta murya. To tana da ɗan fari, namiji. Ka san al'ada: ɗan fari ba a kama sunansa, ba a zaman hira da shi, ba a nuna shi a ce nawa ne. Tun yaye kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, can wata unguwa ya girma. Daga tandar nan aka yi masa sutura, daga ita aka kai shi makaranta, amma duk ta hannun wani take aikawa. A tasha kuwa ba wanda ya san ta haifi namiji.

Yaro ya tashi ya ce shi waƙa zai yi, irin gambarar zamanin nan da ba a rerawa, sai dai a saki kiɗa a yi ta zuba magana kamar ana faɗa. Ya yi ta talauci, ya yi ta rashin wuta, ba wanda ya waiwaya. Abokai suka ce miyarsa ba yaji. Ana nan wata yarinya mai shinkafa a wata tashar daban ta ƙi shi, sai ya shiga sitidiyo da zafin zuciya ya wanke matan tasha tas. Ya ce ragowar direbobi ne, ya ce tukunya da tanda duk fakewa ce, ya ƙara da abin da bakina ba zai maimaita ba. Mutum ɗaya ya nufa, amma bai ce wance ba, matan tasha ya ce. Waƙa kuwa ta karɓu. Wanda jiya ba a amsa masa sallama, yau samari na bin sa a baya.

A lasifikar mai cajin waya uwar ta fara jin ta. Tun kafin a kai amshi ta gane muryar. Wace uwa ce ba ta san muryar abin da ta haifa ba? Ta ci gaba da juya waina. Da safe waƙar, da rana waƙar. Yaran mota da take ƙara wa miya suka koma in sun miƙo kwano sai su yi amshin ƙasa-ƙasa suna ƙyafta wa juna ido. Wani direba mai furfura, wanda ya sha rusuna mata, ya ce, "Inna, ashe ku ma kun yi zamaninku?" Aka kwashe da dariya. Ta miƙa masa wainarsa. Me za ta ce? Ta ce ɗanta ne, ta zubar da kunyar da ta riƙe tun ranar suna? Ta kira shi ta yi masa faɗa, ita da ko ido ba sa haɗawa? Ta dai yi ta cewa a ranta waƙa yayi ce, za ta wuce, mutuncinta ya riga waƙar zuwa tashar.

Rannan sai ga ɗan nata ya zo hawa mota, za shi wasa wani gari. Ya tarar wani karen mota tsaye a kanta, yana kaɗa cokali a kwano yana zuba mata baitin nan a fuska. Ya shaƙe shi, aka kaure. Sarkin tasha ya shiga tsakani ya ce, "Kai da ka yi waƙar, me ya yi maka zafi?" Ya ce, "Uwata ce!" Can daga baya wani ya ce, "To, ɗanta ma ya faɗa. Wa ya fi shi sani?" Ita ko kallonsa ba ta yi ba. Sarkin tasha ta duba ta ce, "Ku ce wa wannan ya saki rigar ɗan mutane. Ba shi ya ƙirƙira ba, hadda ya yi."

A da zagin na kowa ne, tana iya kau da kai. Yanzu ya zama shaida, daga bakin ɗan cikinta. Ta yayyafa wa garwashi ruwa, ta juye sauran ƙullu, ta ɗaure tandarta a zane, ba ta sake taka tashar ba. Shi kuwa ya bi duk inda ya sa waƙar ya cire, ya yi wata ta yabon iyaye mata, har da kuka a ciki. Ba wanda ya yi rawa da ita. Ta farkon tana wayar kowa, wannan ya tura wa wancan. Yanzu a ƙofar gida take toya wainarta, masu saye ba su taka kara sun karya ba, in ana biki a maƙwabta kuma ta katanga take jiyo muryar ɗanta yana faɗin abin da ya faɗa.

Shi ya sa masu iya magana suka ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.