Buzu a Bakin Makewayi

Warin kaskon fitsarin ya sa uwar miji toshe hanci. Ga jini, ga mugunya.

"Ɗana yana ayarin Gwanja wata biyar, ina ta kwaso wannan ƙazanta? Gobe ta koma gidan iyayenta a Karare."

Unguwarzomar da aka kirawo ta dubi matar ɗan, wadda ciwon mara ya dunƙule.

"'Yar nan, sau nawa kike zagawa?"

"Sai Baba ya tashi, Iya. Buzunsa yana bakin makewayi, ba na iya gittawa gabansa. Ruwa ma na daina sha."

Uwar miji ta saki hancinta. Ita ke shimfiɗa wa maigida buzun kowace safiya, tana yi wa maƙwabta alfahari da kunyar yarinyar. Yawu ya cika mata baki, ta rasa inda za ta tofar.