Kwaɗin Lambun Baba

Ka ɗauki misalin wani saurayi da ya dawo gida bayan shekara tara a birni, ƙafarsa ba ta iya zama wuri ɗaya. Ya tarar da mahaifinsa yana nan da lambunsa a gindin dutse, bakin rafi. Tsohon ya jera duwatsu har gwiwa, ya cika tsakaninsu da ƙasa da taki, ya yi fangali huɗu. Sai dai a idon saurayin aikin duk ƙazanta ne: duwatsu ba yaɓe, ko'ina kafa, toka zagaye da kowane fangali, ga fasassun tukwane a kife, kowacce da kwaɗo a ƙarƙashinta yana zare ido. A fangali na ƙarshe kuwa irin gauta ne ya tsiro, ganye bibbiyu. Irin kakan saurayin ne, babu mai shi a garin, kuma bana tsohon ya zazzage ragowar da ke cikin gora kaf ya shuka.

Ran da tsohon ya tafi gaisuwar mutuwa ta kwana uku, sai saurayi ya ce yau Baba zai ga abin da ake kira aiki. Ya kwaɓa siminti ya liƙe kowace kafa. Ya share tokar tas. Tukwanen ya watsar, kwaɗin ya kwashe a buhu yana toshe hanci, ya kai su can bayan gari ya juye. Lambu ya yi fes, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Washegari aka yi yayyafi. Safiya ta uku ya zo da butar ban ruwa yana fito, sai fiton ya maƙale. Babu ganye ko ɗaya. Tsinke-tsinke kawai a tsaye, ga sawun yauƙi yana ƙyalli a kan simintinsa, daga ciyawar rafi har cikin fangali. Ya ɗaga wani dutse, sai ga dodon koɗi, irin marar ƙoƙon nan, sun yi cincirindo, kowanne ya ƙoshi ya yi ɓul-ɓul. Butar ta suɓuce daga hannunsa. Bakinsa ba abin da yake fita sai innalillahi.

A haka tsohon ya iske shi. Bai yi faɗa ba. Ya tsuguna ya shafa simintin, ya girgiza goran irin da ke rataye a kafaɗarsa, bai yi ƙara ba. Sannan ya ce, "Ɗan nan, ina ka kai mini masu gadina? Shekara talatin suna cinye mini waɗannan, toka tana tare sauran. Kai ko tambaya?"

Saurayi ya koma bayan gari da buhu yana neman kwaɗi. Kwaɗi dai ya samo. Gautan kaka kuwa ya tafi ke nan.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira, an rasa ido.