Ɗakin Mazin Mara Nauyi

"Riƙe da kyau, Baffa!" Mazin ya taka mota, ya nufi tudun yashin nan da ya saba kunyata direbobin Oman.

Baffa Hamud, surukinsa, ya gyara zama a gefensa. Tun jiya yake kushe ɗan ɗakin kwanan da Mazin ya ɗora a bayan a-kori-kurarsa, wai nauyinsa sai ya binne su a rairayi. Yau za a raba gardama.

Mota kuwa ta haye kamar barewa.

"Ka gani ko?" in ji Mazin, baki har kunne. "Gado, murhu, tankin ruwa, wutar sola, ga Inna Shamsa tana barcinta a ciki, amma kamar ban ɗauko komai ba!"

"Lallai," in ji tsohon. "Ko ni ban ji nauyinsa ba."

A ƙolin tudu Mazin ya diro don ya buɗe wa surukarsa, Inna Shamsa, ƙofar ɗakin. Bayan mota wayam.

Can ƙasa, inda suka kwana, ga ɗakin tsaye ƙiƙam a kan ƙafafunsa huɗu. Inna Shamsa na zaune a bakin ƙofa tana tsiyaya gahawa.

"Da asuba na kwance shi, na sauke masa ƙafafu," in ji Baffa. "Ta ce a karkace yake, gahawarta na zubewa."

"Haba Baffa! Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

"Kana ta yabon kayanka, ɗana. Ina ni ina katse mai masaukina?"